Caca a Kan Gilashi, Hukuncinta Bai Sake Ba

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana ne a kan na'urorin caca na zamani, waɗanda mutum yake taɓa gilashinsu da yatsa, dukiyarsa ta salwanta.

Larabawa suna kiran caca "maisir", wanda asalinsa "yusru" ne, watau sauƙi, domin dukiya ce da ake ci ba da wahala ba. A zamanin Jahiliyya sukan yanka raƙumi, su jefa kibau goma, bakwai masu rabo, uku ba su da kome. Waɗanda suka tashi a tutar babu su ne za su biya kuɗin raƙumin. Sau da yawa matalauta ake ba naman, amma duk da haka Allah Ya haramta ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya gwama ta da giya, Ya kuma bayyana cewa tana haddasa gaba, tana shagaltar da mutum daga salla.

To, kibau sun koma gilashi. A ƙarshen ƙarni na 19 wani makaniki, Charles Fey, ya ƙera na'urar caca mai hannun ja a San Faransisko ta Amurka. A 1976 aka fito da mai fuskar talabijin a Las Vegas, daga baya aka mayar da ita ta taɓawa. Kwamfutar da ke ciki ita take zaɓen lamba, kuma tun ranar da aka saita ta an ware wa mai gidan caca kasonsa. Idan an saita ta mayar da 90 cikin 100, to, goman nan ta tafi, kome dabarar mai wasa. Wani lokaci mutum ya zuba 100, ta mayar masa da 40, sa'an nan ta yi kiɗa da walƙiya kamar ya ci, alhali kuwa an ci shi.

Da can kafin a tattara karta a sake rabawa, mutum yakan sami zarafin tuna iyalinsa ya tashi. Yanzu kuwa cikin 'yan daƙiƙu an gama zagaye an shiga wani. Ɓarnar ta kai har a 2019 gwamnatin Birtaniya ta rage abin da ake zubawa a zagaye ɗaya a na'urorin shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2.

Kada wani ya ce wannan maganar Turai ce. Gilashin nan yana aljihun 'ya'yanmu, domin wayar hannu ta zama gidan caca mai bin mutum har shimfiɗarsa. A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca, amma hukuma ba ta iya shiga aljihu, sai tsoron Allah. Ya zo a Buhari cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca, ko da baki ne kawai, lalle ya yi sadaka. Ina kuma ga wanda ya zuba kuɗin cefane?

Saboda haka wanda ya afka ciki ya tuba tun yau, ya goge manhajar daga wayarsa, ya rabu da abin da ya ci ta hanyar ba mabukata, ya kuma gaya wa wani amintacce da zai riƙa sa masa ido. Iyaye kuma su bincika wayoyin 'ya'yansu da lalama.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare mana zuriyarmu. Amin.