"Cikin Tawali'u Nake Sanar da Ku": Kurin LinkedIn da Dariyar da Muke Yi

Wannan makon ba maganar kuɗin gyaran janareta zan yi ba, duk da cewa har yanzu akwatin na nan bakin ƙofa yana jiranku.

Wata uku da suka wuce ɗan yayata, wanda ya gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan ba aiki, ya ce in taya shi duba abin da ya rubuta a LinkedIn. Ga dattawanmu da ba su san shi ba: wani dandali ne a intanet, kamar Facebook, amma na neman aiki da ƙulla hulɗar kasuwanci. An buɗe shi a Amurka a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26 da ɗoriya. Kowa yana sa hotonsa da kwat, ya rubuta karatunsa da aikinsa. Mai neman aiki har koren zobe yake iya sa wa hoton nasa, alamar yana nema.

To na shiga, kuma wallahi na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba. A can babu ƙaramin mutum. Wanda ya yi kwas na awa biyu a waya zai ɗora satifiket, ya fara da cewa cikin tawali'u da ƙanƙan da kai yake sanar da duniya. Tawali'un da sai an yi masa shela ke nan. Wani ya ba mabaraci naira 200 a Oshodi, ya dawo ya rubuta darussa bakwai da ya koya game da shugabanci. Wani kuma ya ce yana tashi ƙarfe huɗu na dare kullum, shi ne sirrin nasararsa. Na ce da a ce tashin ƙarfe huɗu ne ke kawo arziki, ai da ladaninmu ya sayi rabin Agege.

Na kai labarin majalisa bayan Isha'i, muka shiga raba wa juna muƙamai. Mai shayin bakin titi ya zama Shugaban Kamfanin Sarrafa Madara da Ƙwai. 'Yan dakon Mile 12 suka zama Ƙwararru a Harkar Sufurin Albasa. Wani dattijo mai yankan farce ya ce shi a rubuta masa Likitan Fiɗa. Har da hawaye.

Dariyar ta yi mana amfani, wannan ba zan ɓoye ba. Ɗan yayar nan tawa, kafin ranar, in ya duba wayarsa sai ka ga jikinsa ya mutu. Abokan karatunsa duk sun zama manajoji da daraktoci, shi kuwa yana rubuta wa kawunsa rasit a rumfa. Har ya fara gudun zuwa ɗaurin aure don kada a tambaye shi ina yake aiki. Da ya ga manya suna dariyar abin, ya gane cewa yawancin abin da ke tsorata shi kirari ne kawai, sai ya samu sauƙi. Ai mu ma muna da kirari. Ɗan dambe yana yi wa kansa kirari a fili, ya ce shi ne kaza shi ne kaza, ba mai cewa ya yi laifi. Amma fa yana yi ne da hannu a ɗaure, abokin karawa na tsaye, nan da minti biyu kowa zai ga gaskiya. A LinkedIn ana yin kirarin ne a tashi, ba a damben.

Inda abin ya fara damuna shi ne ranar da wani ya miƙo mani waya yana dariya. Hoton yaron unguwarmu ne, muna sahu ɗaya da shi, mai sana'ar POS ƙarƙashin lema. Ya rubuta wa kansa Manajan Darakta na kamfanin hada-hadar kuɗi. Hoton ya zagaya majalisa, aka sa masa suna Darakta, yara suka ɗauka. Ni ma na yi dariya. Bayan kwana biyu na je cire kuɗi wurinsa, ya ƙirga ya ba ni, sannan ya ce, "Malam Sakatare, na ji har da kai." Ya ce ya yi wata takwas yana rubuta gaskiyar sana'arsa, ba kamfani ɗaya da ya ba shi amsa. Da ya canza, mutum biyu suka kira shi ganawa. Ya ce, "Kuma na yi rajistar sunan sana'ata a hukuma, ni kaɗai ne a ciki. To wa ye daraktan in ba ni ba?"

Na rasa abin cewa. Na karɓi kuɗina na tafi.

Tun daga nan nake juya tambayoyi biyu. Ta farko, shin faɗin abin da ka iya laifi ne? Mu an rene mu da cewa yabon kai jahilci. A kara, iyayenmu sun yi shekaru suna ba mahauta shanu bashi ba takarda, saboda maigida ya tsaya ya ce na san wannan mutumin. Wani ne ke shaidarka, kai bakinka a rufe. Amma yaron da ke neman aiki a kamfanin da ke Ikeja ko Victoria Island ba shi da maigida a can. In bai faɗa da bakinsa ba, wa zai faɗa masa? Kuma a Suratu Yusuf mun karanta cewa Annabi Yusuf, alaihis salam, da kansa ya nemi sarki ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci amanarsa da iliminsa. Ke nan faɗin gaskiyar iyawarka inda ake buƙatarta ba aibu ba ne. Ni inda nake jan layi shi ne: abin da ka rubuta, za ka iya maimaita shi gaban mutumin da ya san rumfarka ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Wanda ya ce yana da ma'aikata ashirin alhali shi da ƙaninsa ne, wannan ƙarya ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar ganawa za a kama shi. Yaron POS bai yi ƙarya ba. Ya dai sa babbar riga a kan ƙaramin jiki. Na fi son ya rubuta cewa shekara uku yana riƙe kuɗin mutane kullum ba a taɓa zarginsa da kwabo ba, don ni a wurina wannan ya fi Darakta nauyi. Amma ba ni ne ke ɗaukar aiki a Ikeja ba.

Ta biyu ita ce ta dariyar. Lokacin da muke raba wa kanmu muƙamai, kowa yana wurin, kowa ya yarda, mai shayi ma shi ya ƙara wa nasa muƙamin gishiri. Halin muke yi wa dariya. Da hoton yaron ya shigo, sai dariyar ta samu fuska da suna da gidan uba, mai ita kuma ba ya nan. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, duk mun sha jin wannan a huɗuba, amma ba wanda ya tuna a daren, saboda muna ganin ai mai kuri muke ragewa tsawo. Alhali wanda muka rage wa tsawon yaro ne da ke ciyar da mahaifiyarsa daga ƙarƙashin lema.

Kuma gwano ba ya jin warin jikinsa. Ku duba ƙasan takardun da nake aikawa neman taimakon masallaci. Sakatare Janar nake rubutawa. Janar na wa? Ni ne mai rubutu, ni ne mai kai wasiƙa, ran da mai shara bai zo ba ni ne mai shara. Ba wanda ya naɗa ni Janar, na dai lura an fi saurin amsa takardar ne idan na sa.

Na koma wurin yaron na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Na roƙi 'yan majalisa a bar sunan, wasu sun bari, yaran unguwa kuwa har yanzu. Iyaye, don Allah a tsawatar musu. Ranar Lahadi bayan La'asar shi da ɗan yayata za su zauna a ofis da duk matashin da ke son a taya shi gyara takardar neman aiki, kyauta. Kowa ya zo da birinsa na rubutu, don na ofis biyu ne, ɗaya ma ba ya yi.