Gyara Da Kanka A Lokacin Babu: Ina Tsimi Ya Tsaya, Ina Cuta Ta Fara?



Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, babu abin da ya zauna inda muka san shi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Duk wanda ya je Dei-Dei sayen kwano ko katako, ko ya shiga Zuba da Apo neman kayan mota, ya san da irin fuskar da ake dawowa. Shi ya sa da yawanmu muka zama makanikan kanmu. Kwantena ta fara yoyo, mai ita ya hau sama da guduma da gwangwanin kwalta. Amalanken mai ruwa ta balle, ya ɗaure da waya. Ɗan Keke Napep na kwance a ƙarƙashin kekensa, sifana a hannu ɗaya, waya a ɗayan, yana kallon yadda ake yi a YouTube.

Tambayar da muke so mu tattauna ita ce: mutum ya gyara abinsa da hannunsa don kuɗi sun yi kaɗan, yaushe ne wannan ke zama abin yabo, yaushe kuma yake zama ɗaukar alhaki?

Mu fara da cewa gyara da kai babu kunya a cikinsa ko kaɗan. Nana A’isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) a gidansa yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa mai albarka. Sayyidina Umar yana halifa, dukiyar Farisa da Rum na shigowa Madina, amma rigar jikinsa mai faci ce. Iyayenmu da suka taso a Kano da Katsina da Zazzau ba su san a yar da abu don ya tsage ba. Ƙwarya ta fashe a ɗinke ta, tukunyar ƙarfe ta huje a kai wa mai sanya toshi, ginin ƙasa kuwa duk shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina. Kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano a kan wannan hali suka ginu: abin da wani ya ce ya mutu, wani ya tashe shi.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. A Amurka akwai masu ɗaki a kan taya, da gado da murhu da banɗaki a ciki, ana jan sa da akori-kura, an haɗa su da faifan ƙarfe irin wanda ke riƙe kan tirela da bodinta. Ladan mai gyara a can tsada gare shi, don haka da yawansu su ke gyara da kansu, kuma babban abin da ke kashe musu ɗakin shi ne wanda ke kashe mana kwantena: ruwa ya sami kafa a rufi, ya bi ciki a hankali ya ruɓar da katako. Tarayyar Turai ma a 2024 sai da ta yi doka don a sauƙaƙa wa mutane gyaran kayansu maimakon zubarwa. Abin da talauci ya koya mana tun da daɗewa, su yanzu doka ce ke koya musu.

To, amma gyara iri biyu ne, kuma daga waje kamarsu ɗaya.

Ɗauki kwantenar shago, tunda ita ce dukiyar da yawanmu a nan. Mun san dalilin da ya sa muke son ta: a Abuja, inda rusau bai zama baƙon abu ba tun zamanin da Malam Nasiru El-Rufa’i yake minista daga 2003 zuwa 2007, shagon da za a ɗora a mota a gudu da shi ya fi kwanciyar rai. Wasu samarinmu ma a ciki suke kwana. Damina a nan doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, ga ruwa mai gangarowa daga duwatsu. Tsatsa daga ƙasa take farawa, inda ƙarfe ya zauna a kan laima. Mai gyara na gaskiya zai fara neman inda ruwa ke shiga, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zai kankare tsatsar har ya ga farin ƙarfe, ya sa a yanke inda ya ruɓe a yi masa faci, ya shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fentin ado, ya ɗaga kwantenar a kan bulo don iska ta riƙa ratsawa. Wannan aikin rabinsa ko fiye mutum zai iya da hannunsa, ba ya cin kuɗi mai yawa, sai dai yana cin lokaci da gumi.

Ɗaya gyaran kuwa na yini guda ne. A toshe ramin da foti, a goge, a bi da fenti mai sheƙi. Tsatsar na nan a ciki tana cin abincinta, ido ne kawai aka sallama. Na farko ya yi maganin ciwo, na biyu ya lulluɓe majiyyaci da sabon bargo.

Ko a nan ma ba mu ce mai gyaran yini guda ya yi zunubi ba tukuna. In kwantenarka ce, kai ke zaune a ciki, kayanka ne za su jiƙe, to kai da aljihunka. Araha ba ta ado, za ka sake biya baɗi, shi ke nan. Ma’aunin da muke ganin ya raba gardama shi ne mutum ya tambayi kansa kafin ya ɗauki sifana: in wannan gyaran nawa ya ci amana, wa zai kwana a ciki? In amsar ita ce “ni kaɗai, kuma asarar kuɗi ce”, bismilla, yi tsiminka, koyo ma ake yi da haka. In kuwa amsar ta haɗa da wani, to ka fita daga gonarka ka shiga ta mutane.

Wurare biyu ne wannan ya fi faruwa a tsakaninmu.

Na farko shi ne rai. Kujerar Keke ta yage, ɗinke ta. Tamfol ya huje, yi masa faci. Canjin baƙin mai, wanke fulogi, sa giris, duk direban kirki ya kamata ya iya. Amma birki da sitiyari da taya da waldar ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, waɗannan ba naka ba ne kai kaɗai, ko da takardun da sunanka suke. Na matar da ta hau da goyo ne, na ’yan makarantar da ke tsallaka titi ne. Duk wanda ke bin hanyar Dutse zuwa Bwari ya san hawa da gangarenta, ya san ba wurin gwajin birki ba ne. Tayar da muke saye ta hannu, a gefenta akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin cewa taya ta wuce shekara 4 a bar ta, ko da zanenta bai cinye ba, don roba na mutuwa tun daga ciki. Haka wayar lantarki a kwantena. Ɗaki ne na ƙarfe gaba ɗaya. Waya ɗaya ta goge ta taɓa jiki, duk shagon ya zama tarko, kuma yaron da aka aiko sayen magi babu takalmi shi zai fara dafawa.

Malamanmu na Malikiyya sun yi wata magana mai zurfi a kan masu sana’a. Wanda ya kafa kansa yana yi wa jama’a aiki, in ya karɓi kayan mutum suka lalace a hannunsa, shi ke da biya, sai in an sami shaidar da ta wanke shi. An yi haka ne don mai sana’a ya san akwai abin da ke wuyansa. To, ranar da ka ce ba ka zuwa wurin makaniki, kai za ka ɗaura birki da kanka, kuɗin aikin ka ajiye a aljihu, gaskiya ne. Amma nauyin da ke wuyansa ma ka sauke ka ɗora a naka. Mutane suna lissafa na farkon su manta na biyun. Garin neman gira ake rasa ido, kuma a nan idon ma ba naka ba ne.

Na biyu shi ne ciniki. Gyaran rufa-rufa ya fi yawa ana gobe za a sayar. Mota ta yi haɗari an miƙe ta, an cika ta da foti. Keke na shan mai, an zuba masa mai kauri don hayaƙi ya lafa na kwana biyu. Kwantena ta ruɓe a ƙasa, an shimfiɗa sabuwar leda. Mai saye ya zo, a ce masa “ga ta nan, duba da idonka”. Mun san labarin da Muslim ya ruwaito: Annabi (SAW) ya wuce tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannu ya ji laima a ciki. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai zarge shi don ruwa ya taɓa hatsi ba, wannan ba yin sa ba ne. Abin da ya tambaye shi shi ne don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta jera ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki, kuma mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Dillalin da ya sani ya yi shiru don la’adarsa, shi ma yana ciki.

Mu da ke zaune da Gbagyi masu ginin tukwane, sana’ar da ta kawo Bill Clinton garin nan a watan Agusta na 2000, mun san yadda ake sayen tukunya: a ƙwanƙwasa ta. Lafiyayya amonta daban, mai tsaga amonta a dushe. Tukunya ba ta iya ƙarya. Mota kuwa an koya mata. Ga mai saye, ɗan maganaɗisu zai taimaka, don ba ya kama inda foti ya yi kauri. Amma abin takaici ne a ce Musulmi sai ya riƙe maganaɗisu kafin ya sayi abu a hannun wanda suke sahu ɗaya da asuba.

Wani zai ce, “Malam, in na faɗa, kuɗin zai faɗi.” Ƙwarai zai faɗi, zai sauka ne zuwa ainihin kuɗin kayan. Abin da ke tsakanin farashin gaskiya da na fenti tun asali ba naka ba ne, kuɗin mai saye ne. Kuma mu baƙi ne a nan, jarinmu na farko sunanmu ne. Bahaushe ɗaya ya cuci mutum a Bwari ko Kubwa, ba za a ce wane ya yi ba, za a ce Hausawan Ushafa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Akwai maganar da ta fi wannan nauyi, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Ɗan Keke zai ce, “Na ji, birki na mutane ne. To yau ba ni da kuɗin makaniki, mai Keke na jiran balas da yamma, yara na jiran cefane. In na ajiye, wa zai ba ni?” Wallahi tambaya ce ta gaskiya, wanda ya ƙoshi ne kawai zai raina ta. Duk da haka lalura tana sauƙaƙa wa mutum abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ta ba shi izinin jefa ran wani cikin haɗari don ya tsira da na cefane. Yunwar yini ɗaya ana mantawa da ita, gawar ɗan mutane ba a mantawa.

Sai dai in mun tsaya a nan mun zalunci yaron, don mun ɗora masa hukunci mun tafi mun bar shi. Alhakin ya dawo kan sauranmu. Mai Keken da ke karɓar balas kullum amma in an ce birki sai ya ce “lallaɓa”, shi ne farkon wanda za a tambaya. Makanikanmu da masu walda, in ɗan’uwa ya zo da abin da ya shafi rai, ku duba masa ko da bashi ne, ku gaya masa gaskiya wanne zai iya da kansa, wanne ba zai iya ba. Mu kuma masu zuwa neman shawara, mu daina tatsar ilimin mai sana’a kyauta mu juya. Shekaru ya yi yana yaron shago kafin ya san abin da ya faɗa maka cikin minti biyu, ko na shayi ka miƙa. Muna adashe don biki da suna, me zai hana masu ababen hawa su yi na gyara, wanda ba a taɓa shi sai don birki da taya? Mai injin huda ƙarfe ko tsani ko jak, ya ba da aro, mai aro kuma ya mayar yadda ya karɓa.

Don haka, ɗan’uwa, gyara abinka. Koya wa ɗanka riƙe guduma da sifana, zai gode maka wata rana. Facin da ke bayyane bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Amma in aikin ya kai inda ran wani yake, kira wanda ya iya ko ka ajiye. In kuma za ka sayar, kama hannun mai saye ka ɗora a kan facin, ka ce “nan na gyara, ga abin da ya same shi, ga yadda na yi”. In ya saya a haka, abin da ka karɓa halal ne, ka ci da iyalinka hankali kwance.

Allah Ya yassare mana, Ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da ke hannunmu, Ya tsare mu da ɗaukar alhakin bayinSa.