Wa Ya Biya Kuɗin Araha?

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan mutum ya sayi riga da araha, ya san wanda ya cika masa ragowar kuɗin?

Tun da kasuwannin duniya suka haɗe, mai dukiya yakan ɗauke masana'antarsa ya kai ta ƙasar da ladan aiki ya fi ƙanƙanta. In lebura ya nemi ƙari, sai a ce masa ya yi shiru, in ba haka ba a rufe a koma wata ƙasa. Ta haka yunwar wani talaka ta zama bulalar dukan ɗan'uwansa.

Ran 24 ga Afrilu, 1,134 ne adadin mutanen da suka rasu a shekarar 2013, yayin da benen Rana Plaza mai hawa 8 ya rufta kusa da birnin Daka na ƙasar Bangaladash. Yawancinsu mata ne masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka. Tun ana gobe aka ga ginin ya tsage, amma aka tilasta musu shiga. A lokacin, mafi ƙarancin albashinsu bai kai dala 40 a wata ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002. Sauran masaƙu suka bi baya, saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfa mai araha daga waje, magidanta da yawa a Kakuri suka rasa abin yi.

To, laifin wa ke nan? Talakan da ya sayi abin da aljihunsa ya iya ba shi da zargi. Nauyin yana wuyan mai iko: mai masana'anta, da babban ɗan kasuwa, da hukuma. Shari'a ta halatta ciniki tsakanin ƙasashe, amma ta hana tauye mudu, kuma guminka da ka sayar shi ma abin awo ne. Tsoron karyewar arziki ba ya halatta cin haƙƙin lebura.

Saboda haka kowa ya fara da gidansa. Mai aikinka, nawa kake biyansa, kuma yaushe? Allah Ya tsare mu da cin gumin wani, amin.