Haƙƙin Hanya: Ƙaddara Ba Ta Ɗauke Lamuni

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya saba bin babban titin da ya taso daga Yamai ya ratsa Dosso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram ya san akwai wuraren da gaban matafiyi kan faɗi. Cikinsu akwai mararrabar Tsernawa, inda hanyar Tawa ta rabu, da ta Takeita, inda ake karkatawa zuwa Matamaye. A irin waɗannan wurare ne babbar mota, da ɗan kabu-kabu, da amalanken jaki, da yarinya mai talla ke haɗuwa a ƙiftawar ido. In abu ya faru, sai a ce ƙaddara ce, a yi jana'iza, a watse.

Imani da ƙaddara rukuni ne, babu shakka. Amma mutanen Allah sun karantar cewa bawa kan fake da ƙaddara don ya yi haƙuri da abin da ya same shi, ba don ya wanke kansa daga abin da hannunsa ya jawo wa wani ba.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya bayyana cewa mai kora dabba, da mai janta, da wanda ke bisanta, dukkansu suna lamuncewar abin da ta taka. A kan wannan ne malamai suka ƙiyasta direban mota da mai babur. A cikin Muwaɗɗa kuma, Imamu Malik ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a hanyar Musulmi, inda bai halatta gare shi ba. To, ina ga wanda ya zube yashin gini a bakin kwana, ko ya kafa rumfar da ta kare wa direbobi gani, ko motarsa ta mutu da dare ya bar ta babu alama?

Wanda ya kashe mumini bisa kuskure, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta hukunta diyya ga iyalan mamaci, da kaffarar 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Magada suna iya yafe diyya, amma kaffara haƙƙin Allah ce. Takardar jandarma da kuɗin inshora ba su sauke ta.

Masu mulki ma suna da nasu kaso. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A) yana Madina yana tsoron kada wata dabba ta yi tuntuɓe a Iraƙi, Allah Ya tambaye shi don me bai gyara mata hanya ba. Magajin garin da aka kai wa kukan mararraba ya yi shiru, da ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin aiki, da ma'aikacin da ya karɓi na goro ya sallami mota marar birki, kowa zai amsa tambaya.

Muridi shi ya fi cancanta ya fara duba kansa. Lokacin Maulidi ko ziyarar Kiyota, akan cika mota maƙil, direba bai runtsa ba, a ce albarkar Shehu za ta kai kowa. Albarka ba ta tare da ganganci, kuma Annabi (S.A.W) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Haka nan in da'irar zikirin Juma'a ta malala kan titi, wajibi ne muƙaddami ya sa masu tsare hanya, ko a matsa ciki.

Gafalar da ake yaƙa da lazimi safe da maraice, ita ce dai ke sa mutum ya kutsa mararraba yana latsa waya. Hadisi ingantacce ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Saboda haka matasan zawiya da suka cike rami, ko suka tsallakar da 'yan makaranta, ko suka kai kuka ga hukuma har aka kafa alama, suna cikin hidima kamar mai shimfiɗa farin ƙyallen wazifa.

Allah Ya tsare matafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya ba iyalansu haƙuri, albarkar Annabi (S.A.W). Amin.