SAYEN TSOHUWAR KWANDALAR AZURFA DA TSADA



Har yanzu a birnin Katsina akan ga tsofaffin kwandalolin azurfa, waɗanda mutanen dā ke kira liyari, a hannun maƙeran farfaru da dillalai, ko cikin kayan gadon tsofaffi. Liyari kuɗin ƙasar Ostiriya ne mai ɗauke da hoton sarauniyarsu Mariya Tariza, fatake ne kuwa suka riƙa ƙetaro hamada da shi. Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Katsina ya isa Kano cikin 1851, ya tarar ana canjin guda ɗaya a kan wuri 2,500. Yanzu an daina ciniki da shi, shi kansa ya koma haja. To, idan aka kawo wa mai hali irin wannan kwandala, aka yanka mata kuɗin da ya ninka darajar azurfar da ke cikinta saboda tsufanta, ya saya ko ya bari?

Kada a ɗauka abin ƙarami ne. A Amurka an buga dalar azurfa ta farko cikin 1794, guda 1,758 kawai aka fitar, kowace nauyinta bai cika giram 27 ba. Amma cikin 2013 an sayar da ɗaya daga cikinsu a kan dala miliyan 10 da ɗoriya. Wanda ya biya wannan kuɗi ba azurfa ya saya ba, ƙarancin abin ya saya da labarinsa.

Shari'a ba ta bar wannan ciniki sakaka ba. Azurfa tana cikin abubuwa shida da hadisin Ubadatu ɗan Samit ya ambata, waɗanda ba a musayar jinsi da jinsinsa sai awo ya zo daidai, kuma hannu da hannu. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa wani maƙeri ya nemi Abdullahi ɗan Umar ya yarje masa ya riƙa karɓar ƙari a kan nauyin abin da ya ƙera a matsayin ladan aikinsa, Ibnu Umar ya hana shi. Idan ƙira ba ta halatta ƙari ba, tsufa ma ba zai halatta shi ba. Saboda haka bai halatta a ba da munduwa mai nauyi a karɓi liyari marar nauyi don ya tsufa ba. Amma idan da naira za a saya, jinsi ya bambanta, sai a daidaita a kan farashin da aka yarda, da sharaɗin a biya a karɓa a zama ɗaya, babu bashi.

Sai maganar algus. Tun bayan rasuwar sarauniyar, kowane liyari da aka buga shekarar 1780 ake rubuta masa, har yau kuwa ana buga shi a birnin Biyana da wannan shekara. Ashe ganin 1780 a jikinsa ba hujjar tsufa ba ce. Dillalin da ya san haka ya ɓoye ya ci haram, mai sayen da ya zuba dukiya bai bincika ba kuwa ya yi sakaci.

Zakka ma tana nan. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, watau kimanin giram 595, tsabar azurfar da ke cikin liyari ɗaya kuwa giram 23 ce da 'yan kai. Wanda ya tara kimanin guda 26, shekara ta kewayo, wajibi ne ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Aya ta 34 a Suratut Tauba ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu taskace zinariya da azurfa, Ibnu Umar kuwa ya bayyana cewa taskar da ake nufi ita ce dukiyar da ba a fitar wa zakka.

To, ko da an cika waɗannan sharuɗɗa, saura tambaya guda wadda alƙali ba ya yi wa mutum, sai zuciyarsa: ƙarin da ya biya a kan nauyin azurfar, me ya saya da shi? Azurfa tana da daraja ko a hannun wa take. Ƙarin nan kuwa ya rataya ne ga samun wani mai sha'awa irin tasa. Ranar da ya kwanta dama, magada suka kai kwandalar kasuwa, maƙeri ma'auni zai ɗauko, ba zai auna labari ba. Idan a lokacin akwai bashi a kansa, ko marayu ƙanana, su ne za su biya kuɗin sha'awar mahaifinsu.

Wannan ba ya nufin adana kayan tarihi aikin banza ne. Liyarai da yawa sun narke sun zama zobba da warwaro, wasu an fita da su ƙasashen waje. Mutumin da ya sauke nauyin iyalinsa, ba a binsa bashi, maƙwabcinsa bai kwana da yunwa ba, sannan ya sayi kwandala don jikokin Katsinawa su ga abin da kakanninsu suka yi fatauci da shi, ko ya miƙa ta gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wannan ana fata ya sami lada gwargwadon niyyarsa.

Hanyar gane niyyar kuwa mai sauƙi ce. Mai saye ya tambayi kansa: da a ce ba wanda zai taɓa sanin ya mallake ta, ba za a nuna ta a zaure ba, ba za a faɗi kuɗinta a majalisa ba, zai biya wannan farashi? Idan zai biya, kuma babu mai haƙƙi da ke jiran kuɗin, ya saya hannu da hannu, ya kiyaye zakka. Idan kuwa sha'awar ta gushe da zarar an ɗauke idon mutane, to, alfahari ne aka kawo masa talla, barinsa ya fi masa alheri duniya da lahira.

Allah Ya sa a dace, amin.