Bakinka Za Ka Fara Shiryawa

Zauna kan kujerar nan, ɗana, bar tabarmar. Na ga yadda ka dafa bango kafin ka sunkuya gaishe ni. Jiya ma a sallar isha'i muna sahu ɗaya, ruku'unka bai kai rabi ba, kuma sai da liman ya yi nisa a Fatiha kana fama da miƙewa. Da muka fito na tambaye ka jiki, ka ce min lafiya lau. Ba faɗa na kira ka in yi maka ba. Amma ban ji daɗi ba a ce a bakin innarka zan ji cewa tun kaka, tun ranar da kuka loda buhunan dawa zuwa Dawanau, ƙugunka ya riƙe. Yau wata uku ke nan.

Ta faɗa min duk abin da ka yi. Ƙwayar kashe zafi daga kemis, safe da dare, wani lokaci cikinka babu komai. Irin waɗannan ƙwayoyi, su diclofenac, idan aka daɗe ana zuba su suna cin ciki su haifar da gyambo, suna kuma taɓa ƙoda. Ka sa wanzami ya yi maka ƙaho. Ka kwanta rub da ciki ƙaninka ya hau ya tattaka maka baya, yaron da ya fi ƙarfin a kira shi yaro. Ban raina ƙaho ba, iyayenmu sun yi, ni ma na yi. Sai dai duk waɗannan babu wanda ya tsaya ya tambayi daga ina ciwon ya taso.

Yanzu likita ya rubuta maka takarda zuwa sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala, ranar Talata, sai na ji wai kana cewa ai tausa ce kawai, ba za ka kashe kuɗin mota a kan abin da iyalinka za ta iya yi maka da man kaɗe ba. Asibitin nan tun 1959 yake aikin ƙashi, kafin a haifi ubanka. Masu gashin kuwa karatu suka yi na shekaru, ga Jami'ar Bayero nan a kan hanyarka tana yaye su. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai abin ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu.

Bari in gaya maka abin da na fahimta a lokacin da na yi jinyar kafaɗata. A ƙugun mutum akwai ƙasusuwa 5 a jere, tsakaninsu da wani abu kamar matashi, nama kuma ya ɗaure su ta ko'ina. Yawancin ciwon masu ɗaukar kaya a naman yake: ya ja ya ƙulle, ya hana ka motsi, rashin motsin kuma ya ƙara ƙulle shi. Tausa ita ke lallashin wannan nama har ya saki. Ba ta ɗora ƙashi, ba ta mayar da abin da ya goce. Shi ya sa kafin a taɓa ka za a zaunar da kai a yi ta tambaya, kuma a nan ne nake jin tsoronka, don na san halinka.

Hannun mai tausa yana jin taurin nama, amma ba ya jin abin da ke cikin bakinka. Idan zafin yana sauka ta cinya har ƙafa, faɗa. Idan ƙafar tana mutuwa ko tana yi maka kamar tafiyar kiyashi, faɗa. Idan fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka, ko ka daina jin tsakanin cinyoyinka, wannan ba ya jiran Talata, yau za mu tafi. Na san maganar tana da nauyi tsakanina da kai, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zazzaɓi, hawan jini, ciwon suga, faɗuwar da ka yi a babur bara wadda kake tsammanin ban sani ba, duk ka zayyana. Akwai inda ba a tausa sam: kan sabuwar karaya, kan rauni, da sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi, domin jini na iya daskarewa a jijiya, matsa shi kuma ya tura gudan zuwa huhu. Wurin ƙahon nan ma, in bai gama warkewa ba, ka nuna musu.

Ni da nake yi maka wannan magana na taɓa yin wautar. Wani mai tausa ya kama kafaɗata yana murza, yana tambaya ko da zafi, ni kuma na cije ina cewa babu, kada a ce malamin makaranta ya yi raki. Mako guda ban iya ɗaga alli ba. Laifin wa? Shi dai abin da na gaya masa ya bi. Akwai zafin da ke tafe da sauƙi, akwai mai sara kamar an soka maka allura. Na biyun nan da ka ji shi ka ce a dakata, babu wanda zai kira ka rago.

Sauran shirin ba shi da yawa. Ka yi wanka, ka sa wando mai sakin jiki da riga mai sauƙin cirewa. Kada ka shafa man zafi da safen, don mai yiwuwa su ɗora maka abin ɗumi, haɗuwar biyun tana ƙona fata. Ɗan koko ya ishe ka, wanda zai kwanta rub da ciki ba ya cika shi da ɗumame. Ka zuba takardar likita da hoton ƙashin da kwalayen duk maganin da ka sha a leda ɗaya, har na gargajiyan ka ambata. Batun kunya kuwa, wurin ciwon kawai ake buɗewa, kuma in ka fi son namiji ya duba ka, ka roƙa da ladabi tun a wurin karɓar kati.

In ka dawo ka ji jiki ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu, kada ka ce sun ƙara maka ciwo ka ƙi komawa. Za su koya maka motsin da za ka riƙa yi a gida, wannan shi ne rabin maganin, ko an yi maka dariya a tsakar gida ka yi. Buhu kuma ka bar wa ƙannenka har sai an ce ka ɗauka.

Ana idar da asuba ka fita, ka rufe jikinka don sanyin nan, ka samu gidan gaba a mota saboda girgiza. In kun wuce Janguza da Rijiyar Zaki ka sauka a Kabuga ka hau adaidaita sahu. Ungo wannan ka ƙara a kuɗin mota. Karɓi mana, hannuna ya gaji. In ka dawo ka biyo ta nan kafin ka shiga gida, ina so in ji abin da ka gaya musu.