Lilon Ƙarfe: A Wuyan Wa Alhaki Ya Ke?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san lilo. A da igiya ce a ke ɗaurawa a reshen tsamiya ko ɗorawa. Yaro ya kan ja ta da hannunsa ya ji ƙarfinta, ya ɗaga kai ya dubi reshen, sa'an nan ya hau. In ma ta tsinke, faɗuwar ba ta fi tsayin mutum ba. To, yau zamani ya kawo lilon ƙarfe mai aiki da inji, wanda ke ɗaukar yara da yawa gaba ɗaya, ya yi sama da su har ya wuce soro. Da Salla manomi ya kan tsakuri abin da ya samu na masara ko auduga, ya ba 'ya'yansa su tafi birni su hau.

Ga tambayar da za mu tattauna, ya kai mai karatu. Shin wajibi ne hukuma ta riƙa duba irin wannan lilo, ko kuwa shisshigi ne cikin sana'ar mutane?

Mu fara da abin da ya raba lilon da da na yanzu. Mai hawan igiya shi ne mai duba ta. Amma mai hawan lilon ƙarfe ba shi da ikon duba kome. Ba ya ganin tsatsar da fenti ya rufe, ko waldar da ta fara tsagewa, ko notin da ya kwance. Ko ubansa na tsaye a wurin, iyakarsa ya ga ƙarfe na sheƙi. Watau yaron ya miƙa ransa amana ga wanda bai sani ba, kuma da zarar inji ya tashi ba shi da damar cewa ya fasa.

Waɗansu ƙasashe sun koyi wannan darasi da hawaye. Ran 30 ga Mayu, 1972, a wani filin wasa da a ke kira Battersea cikin birnin Landan, akwai wani ɗan jirgin ƙasa na wasa wanda a kan janyo da igiya zuwa ƙolin tudu, a sake shi ya gangara. Igiyar ta tsinke, birkin da a ka yi don ya hana shi komawa baya kuma ya ƙi ci. Yara 5 suka mutu, 13 suka ji rauni. Cikin 1974 Majalisar Ingila ta yi babbar dokar kiyaye lafiya a wuraren aiki, wadda ta hau har kan masu wuraren wasa. Duk da haka, ran 2 ga Yuni, 2015, a Alton Towers, wani jirgin wasa da ba kowa ciki ya maƙale a hanya. Na'urar tsaro ta tsai da kome, amma ma'aikata suka zaci kuskure ta yi, suka sake ta da inji. Jirgi mai ɗauke da mutum 16 ya je ya kara da wancan, har 'yan mata biyu kowace ta rasa ƙafa guda. Cikin 2016 kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Haka kuma a watan Yuli, 2025, kusa da Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, ƙarfen wani babban lilo ya karye yana cikin juyi, fiye da mutum 20 suka ji rauni.

Wani zai ce, "Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne, kome da ƙaddarar Allah ya ke faruwa. Amma malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Sayyadina Umar kuma, da ya ji annoba ta faɗa ƙasar Sham, komawa ya yi da jama'arsa, ya nuna musu cewa gudun ma cikin ƙaddara ya ke. Wanda ya ga noti ya kwance ya ƙyale shi, in ya kira sunan ƙaddara daga baya, neman mafaka kawai ya ke yi daga laifinsa.

Wani kuma zai ce, "Mai lilo ba ya son ran kowa ya salwanta, shi zai duba kayansa." Ban ce shi mugu ba ne. Amma a tuna, kwanakin Salla su ne kasuwarsa. In ya ji wata 'yar ƙara a inji da hantsi, ga yara sun yi layi da kuɗi a hannu, zuciyarsa za ta ce masa, "Bari sai gobe." Ni da kai ma da haka za ta ce mana. Don haka ne ba a barin mutum ya yi alƙalanci a shari'ar kansa. Ana bukatar ido na biyu, na wanda tuwonsa ba ya raguwa in lilo ya tsaya.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattawa sun san zamanin da a ke kai auduga kasuwar auduga, malami ya duba kyanta, a ɗora ta bisa sikeli, kafin a kai ta gidan gurza a Funtuwa ko Malumfashi. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 kuma ta ce a killace wuraren haɗari na inji, a riƙa duba sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya aƙalla sau ɗaya cikin wata 6. To, in doka ta tsare babban mutum wanda ya san injinsa, har ta kula da igiyar da ke ɗaga dila, yaya za a ƙyale ƙarfen da ke ɗaga 'ya'yanmu?

Saura magana guda, ita ce ta fi nauyi. Za a ce, "In an naɗa mai dubawa, ai wani zai zo ya karɓi na goro, ya sa hannu ba tare da ya taɓa ƙarfen ba." In haka ta faru, takardar ta fi rashinta muni, gama ta kwantar da tsoron uba, alhali tsoron nan ne kaɗai ya rage mai tsaron ɗansa. Irin wannan ma'aikaci ya ci amana sau biyu, ta hukuma da ta yaro. Amma ba a daina awo don wani ya yi algus a mudu, sai dai a gyara mudun. A ganina, kamata ya yi kowane lilo ya kasance da takarda manne a bakin ƙofa, da Hausa, mai nuna sunan wanda ya duba, da ranar da ya duba, da yawan mutanen da a ka yarda su hau. Wanda sunansa ke rataye a bainar jama'a ya kan yi tunani kafin ya sa hannu.

Nan ne naka aikin ya shigo, kai da ka yi yaƙi da jahilci ka ci nasara. Karatun da ka koya ba don wasiƙa da rasit kaɗai ba ne. In ka kai ɗanka wurin wasa, ka tambaya wa ya duba lilon nan, kuma yaushe. In akwai takarda, ka karanta ta da idonka. Ka duba ko kowace kujera na da abin ɗaurewa, ka ƙidaya yaran da a ke zubawa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kama hannun ɗanka ku koma gida, ka kuma sanar da mai unguwa ko ƙaramar hukuma. Yaron zai yi kuka, amma kukansa na yini guda ne.

Alhaki dai ya rabu uku: mai lilo ya gyara, hukuma ta duba da gaskiya, uba ya tambaya. Duk wanda ya saki nasa kashi, ba zai ce ba ruwansa ba ranar da a ka tambaye shi. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.